Rauni Ya Warke, Ciwo Ya Ƙi Tafiya

Da wuya a sami zangon da babu irin mutumin da za mu yi magana a kansa a wannan wata. Wataƙila ɗan dako ne da aka yi wa aikin ƙaba shekara biyu da suka wuce, ɗinki ya kame, tabo ya bushe, amma har yau in ya sunkuya sai ya ji kamar an soka masa tsinke mai wuta a matsematsi. Wataƙila matar da aka yi wa tiyata wajen haihuwa ce, wadda ko zani ba ta iya ɗaurawa a kan tabon. Ko kuwa direban da aka yanke wa ƙafa bayan haɗarin mota, yana kuka da babban yatsan ƙafar da aka binne tuni. Irin waɗannan mutane ciwo biyu ne a kansu, na jiki da na bakin mutane. Wani ya ce raki ne, wani ya ce son jiki ne don gudun aiki, wani kuma ya ce sammu aka yi masa. Shi kansa mai ciwon, da zarar an duba wurin an ce ba a ga kome ba, sai ya soma shakkar hankalinsa.

Abin da masu binciken kimiyya suka gano shi ne, rauni yana taɓa jijiyoyin da ke kai labarin ciwo zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma canza su, kuma wani lokaci fata da nama su warke alhali jijiyar ba ta koma yadda take ba. Wannan ne muke so mu warware, domin wanda ya fahimce shi ba zai ƙaryata ɗan'uwansa ba, ba kuma zai kashe kuɗinsa a kan maganin da ba na ciwon ba.

Masu gadin jiki

Da farko sai mu bambanta. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa da yawa: akwai jijiyar jini, akwai ta agara, akwai kuma wadda muke nufi a nan, wato jijiyar ji, wadda ke aiki kamar wayar tangaraho. Ita ce ke sanar da mu zafi da sanyi da taɓi da suka. Kowane zare a cikinta reshe ne na wata ƙwayar halitta guda. Uwar ƙwayar tana zaune a cikin wani ɗan ƙulli a gefen laka, cikin ƙashin gadon baya. Daga nan take miƙa hannu ɗaya zuwa fata ko nama ko gaɓa, ɗaya hannun kuma zuwa cikin lakar. A jikin dogon mutum, zaren da ya tashi daga ƙugu zuwa yatsan ƙafa yakan kai mita guda.

A cikin waɗannan ƙwayoyi akwai waɗanda ba su da aiki sai gadi. Ba sa motsi sai abin da zai cuci jiki ya zo, kamar wuta ko kaifi ko matsa mai tsanani. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Sherrington, shi ya raɗa musu suna a shekarar 1906. Iri biyu ne. Akwai masu sauri, waɗanda saƙonsu kan yi gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa guda, wato mafi saurinsu ya kai gudun mota a kan kwalta. Akwai kuma sirara masu nawa, waɗanda ba su kai mita 2 a daƙiƙa ba, kusan tafiyar mai ƙafa. Shi ya sa in mutum ya yi tuntuɓe sai ya fara jin suka nan take, sa'an nan bayan ɗan jim zogin ya biyo baya.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan masu gadi abokan gaba ne. Hausawa sun ce jiki magayi. Wani likita mai suna Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya nuna cewa yawancin gutsurewar yatsun kutare daga rashin jin ciwo take zuwa. Cutar ta kashe jijiyar, saboda haka mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, har miki ya ruɓe. Haka kuma a 2006 masu bincike na Jami'ar Kambirij suka ba da labarin wasu iyalai a arewacin Pakistan waɗanda aka haifi 'ya'yansu ba sa jin ciwo sam, saboda tangarɗa a ƙwayar gado guda ɗaya. Yaran sun ciji leɓɓansu da harsunansu, wasunsu sun karye ba su sani ba. Ashe ciwon da ya zo da rauni ya tafi da shi rahama ne. Wanda ya zama masifa shi ne wanda ya zauna bayan aikinsa ya ƙare.

Sa'ad da nama ya ji rauni

Da zarar wuƙa ko wuta ta taɓa nama, ƙwayoyin da suka fashe, tare da fararen ƙwayoyin jini da suka kawo ɗauki, sukan zubo sinadarai iri-iri a wurin. Su ne ke kawo kumburi da ja da ɗumi. Waɗannan sinadarai sukan jiƙa bakin jijiyar, su sa ta zama mai saurin firgita.

Ga misalin yadda abin ke faruwa. A 1997 wani malami a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, David Julius, ya gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiyar, wadda aka raɗa wa suna TRPV1. Ya gano ta ne ta hanyar amfani da sinadarin da ke sa barkono yaji. Wannan ƙofa takan buɗe in zafi ya kai wajen digiri 43, ko kuma in yajin barkono ya taɓa ta, dalilin ke nan da ya sa baki ke jin yaji kamar wuta. To, in akwai kumburi, sinadaran nan sukan sassauta ƙofar har ta riƙa buɗewa a ƙasa da haka, ta yadda ɗumin jikin mutum kansa, wanda bai wuce digiri 37 ba, ya isa ya tashe ta. Shi ya sa wurin da ya ƙone yake raɗaɗi ko ba a taɓa shi ba, kuma ruwan ɗumin da ake wanka da shi lafiya lau ya zama kamar tafasasshe a kansa. A kan wannan aiki aka ba Julius lambar Nobel a 2021, tare da Ardem Patapoutian, wanda ya gano ƙofofin da ke jin taɓi da matsa.

Bugu da ƙari, a shekarun 1980 masu bincike a Jamus suka gano cewa akwai wasu masu gadin da ke barci a cikin gaɓoɓi, ba sa amsa ko an murɗa gaɓar, sai in kumburi ya zo sa'an nan su farka su shiga aika saƙo. Wato rauni yana ƙara wa masu gadi saurin firgita, yana kuma ƙara yawansu.

Duk wannan yana da amfani na ɗan lokaci, domin shi ke hana mu taka ƙafar da ta gurɗe har ta warke. Kuma a nan ne magungunan da muka saba da su suke aiki. A 1971 John Vane na Landan ya nuna cewa asfirin yana hana jiki yin ɗaya daga cikin sinadaran nan mai suna furostagilandin. Ibufurofen da dikilofenak su ma ta wannan hanya suke bi. In kumburi ya sauka, a jikin yawancin mutane jijiya takan koma daidai.

In jijiyar kanta ta yanke

Amma wuƙa ba ta zaɓe. Duk inda aka yanka fata an yanka ƙananan zaruruwan jijiya, wani lokaci kuma har da babba. A matsematsi, inda ake aikin ƙaba, akwai jijiyoyi uku da suka ratsa wurin, kowace kuwa tana iya yankewa, ko ɗinki ya kama ta, ko tabo ya shaƙe ta daga baya, ko da likitan ya yi aikinsa da kyau.

Jijiyar da ta yanke takan yi ƙoƙarin tofowa, tana tafiyar kimanin milimita guda a rana. In ta sami hanyarta ta dā, sai ji ya dawo. In tabo ya tare ta, sai tofon ya cukurkuɗe ya zama ɗan curi. A jikin wannan curi wasu ƙofofi masu shigar da gishirin sodiyam, waɗanda su ne ke kunna saƙon jijiya, sukan taru fiye da kima. Daga nan sai wurin ya riƙa aika saƙon ciwo da kansa, ba wuta ba kaifi, kamar wayar lantarkin da ta sale tana tartsatsi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da hanyar sanin inda saƙon ya taso. In ya zo ta zaren da dā yake zuwa babban yatsa, sai ta ce babban yatsa ne ke ciwo, ko da an yanke ƙafar.

Wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, wani likita a Filadelfiya, Silas Weir Mitchell, ya kula da sojojin da harsashi ya taɓa wa jijiya. Ya rubuta cewa wasunsu suna jin hannunsu kamar a cikin wuta, ba sa son ko iska ta taɓa su, kullum suna naɗe hannun da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ne kuma ya yaɗa bayanin ciwon gaɓar da aka yanke. A yau an san fiye da rabin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin irin wannan ciwo.

Labarin raunin kuma ba ya tsayawa a bakin miki. Yakan bi zaren ya koma har wurin uwar ƙwayar a gefen laka, ita kuma sai ta canza aikinta: ta kunna wasu ƙwayoyin gado na gyara, ta kashe wasu na aikin yau da kullum. A 2010 masu bincike a Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa ko yankan fata kaɗai, ba tare da taɓa babbar jijiya ba, ya isa ya kunna waɗannan ƙwayoyin gado a cikin uwar ƙwayar. Ma'ana, mikin yana fata, amma an sami canji a can gadon baya, inda ido ba ya gani kuma hoton ƙashi ba ya nunawa.

Laka ta koyi ciwo

Mataki na uku yana cikin lakar kanta. A 1965 Ronald Melzack na Kanada da Patrick Wall na Ingila suka kawo bayanin cewa saƙon ciwo ba kai tsaye yake wucewa ƙwaƙwalwa ba, akwai mashiga a cikin laka wadda ke iya buɗewa ko ta tsuke. Saƙon taɓi yakan tsuke ta, shi ya sa uwa ke murza wa yaro inda ya buge kuma ya ji sauƙi. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da umurni daga sama. Tsoro da damuwa da rashin barci sukan buɗe mashigar, natsuwa da shagala cikin aiki sukan rage ta.

A 1983 Clifford Woolf, yana aiki a Landan, ya gwada abin a jikin ɓeraye. Ya ga bayan ƙuna a ƙafa ɗaya, ƙwayoyin laka sun zama masu saurin amsawa, har taɓa ɗaya ƙafar mai lafiya yana tayar da su, kuma ko da aka kashe wurin ƙunar da allura ba su lafa ba. Wato in saƙon ciwo ya yi ta dukan laka babu ƙaƙƙautawa, sai ta ƙara murya, kamar rediyon da aka murɗa har ƙarshe aka bar shi a haka. A irin wannan hali, saƙon taɓi na yau da kullum, irin na riga ko mayafi, sai ya shiga hanyar ciwo. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To, haka lakar take yi, kuma ba da izinin mai ita ba.

Yawan abin

Likitoci suna kiran ciwo daɗaɗɗe in ya wuce wata 3. A sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya soma aiki a watan Janairun 2022, an ba daɗaɗɗen ciwo rukuni nasa, har da wanda ke biyo bayan tiyata ko rauni. A 2006 wasu likitoci uku, Henrik Kehlet da Troels Jensen na Danmak tare da Woolf ɗin nan, suka tattara bayanai a mujallar Lancet. Sun nuna cewa bayan ayyukan tiyata da aka saba yi, daga mutum 10 zuwa 50 cikin 100 sukan zauna da ciwo, gwargwadon irin aikin, kuma ga mutum 2 zuwa 10 cikin 100 ciwon mai tsanani ne. A aikin ƙaba, kimanin mutum 10 ne cikin 100. Wannan ba dalilin gudun tiyata ba ne, domin ƙabar da ta shaƙe hanji tana kisa cikin kwanaki. Dalili ne na a san abin, a kuma faɗa wa likita da wuri.

Ba wuƙa kaɗai ke taɓa jijiya ba. Ƙwayar cutar ƙarambau, bayan yaro ya warke, takan ɓuya a cikin ƙullin nan na gefen laka shekara da shekaru. In girma ya zo ko jiki ya yi rauni, sai ta biyo jijiyar ta fito da ƙuraje masu ruwa a jere, a ɓari ɗaya na jiki kamar ɗamara. Daga mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi wannan sukan ci gaba da jin raɗaɗi bayan ƙurajen sun bushe, musamman tsofaffi. Ciwon sukari da ya daɗe shi ma yana cin jijiyoyin tafin ƙafa, mutum ya riƙa jin kamar yana taka garwashi da dare.

Maganin da ba na ciwon ba

A nan ne maganar ta shafe mu ƙwarai. Yawancin mutanenmu da ƙarfinsu suke ci: dako, gini, tuƙi, yankan nama, talla a kai. Wanda ciwo ya hana fita ranar nan, gidansa ba a ɗora tukunya. Saboda haka sai ya nufi mai tallar magani a tasha. Amma tunda ciwon jijiya ba daga kumburi yake ba, farasitamol da dikilofenak ba sa yi masa wani abin kirki. Sai mutum ya ninka, ya yi wata da watanni yana sha, ciwon yana nan, ga gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya ƙaru.

Daga nan sai wani ya nuna masa taramadol, wanda samari ke kira tiramol. A nan Ghana hukumar kula da abinci da magunguna ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma an sha kama masu 120 da 225 har da 250 a kasuwa. A watan Disamba na 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi a kan yaɗuwar wannan ƙwaya a Afirka ta Yamma. Dangin ofiyam ce, jiki yana sabawa da ita ya nemi ƙari, yawanta yana kawo farfaɗiya, kuma daɗewa a kan irin waɗannan magunguna yana iya ƙara wa jijiya saurin jin ciwo. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani sun lalace a kanta, da neman sauƙin ciwo ko gajiyar aiki suka fara.

Haka nan a yi hattara da tsaga ko sakiya ko ƙaho a kan tabon da ke ciwo. In curin jijiya ne a ƙarƙashi, sabon yanka sabon rauni ne a kan jijiyar da dama a fusace take.

Abin yi

Na farko, kada a yi jarumtaka da ciwo bayan tiyata ko ƙuna ko karaya. Likitoci sun lura cewa waɗanda suka fi shan azaba a kwanakin farko su suka fi zama da ciwon daga baya, shi ya sa suke ba kashe zafi muhimmanci tun daga farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda kuma ya ga ƙurajen ɗamarar nan, ya je asibiti cikin kwana 3, domin a lokacin ne maganin ƙwayar cutar ya fi aiki.

Na biyu, in ciwo ya wuce wata 3, a koma asibiti a sake dubawa, don ƙaba tana iya dawowa, miki yana iya yin ruwa a ciki. In an tabbatar ba wannan ba ne, sai a bayyana wa likita irin ciwon dalla-dalla: raɗaɗi ne kamar wuta, ko fizga kamar ta lantarki, ko tafiyar kiyashi, ko wurin ya mutu amma yana zogi, ko riga ma tana tayar da shi. Waɗannan kalmomi su ne alamun ciwon jijiya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda Turancinsa ko Twi ɗinsa bai kai ba, ya tafi da wanda zai yi masa tafinta.

Na uku, akwai magungunan da ke kwantar da jijiyar kanta. Amitiriftilin, wanda asalinsa maganin damuwa ne, ana ba da shi kaɗan da dare, kuma ba shi da tsada. Gabafentin asalinsa na farfaɗiya ne. Kada wanda aka rubuta wa su ya ɗauka an mai da shi mahaukaci. Sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, suna sa barci ko jiri, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba, saboda haka sai da likita. Akwai kuma allurar kashe jijiya, da motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi, domin gaɓar da aka daina motsawa don tsoro takan ƙara sandarewa. Ga wanda aka yanke wa gaɓa, a shekarun 1990 wani likita a Amurka, Vilayanur Ramachandran, ya ɓullo da dabarar madubi: mutum ya riƙa motsa gaɓar mai lafiya yana kallonta a madubi kamar ita ce wadda aka yanke, wasu kuwa sukan sami sauƙi da wannan. Bincike kuma bai tsaya ba. A watan Janairun 2025 hukumomin Amurka suka amince da wani sabon magani mai toshe ɗaya daga cikin ƙofofin sodiyam ɗin nan, wanda ba dangin ofiyam ba ne, ko da yake don sabon ciwo aka amince da shi.

Na ƙarshe ya rataya a wuyan mu da ke zaune da masu ciwon. Mun ga yadda damuwa da rashin barci ke buɗe mashigar ciwo a laka. Mutumin da ake yi wa gori a gida, ko maigidansa yana zarginsa da ƙarya a wurin aiki, ana ƙara masa ciwon ne a zahiri. A sauƙaƙa masa aikin da ya fi ƙarfinsa ba tare da an zaunar da shi gaba ɗaya ba, a raka shi asibiti, a kuma sa ido kada ya faɗa hannun masu tiramol. Shugabannin zango da ƙungiyoyin matasa da na mata za su iya gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a wannan bayani da harshen da suke ji.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.